Ku Tambaya Mu Amsa: Metir ya rasu, ina makomar dosiyena?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon kusan duk saƙonnin da suka shigo mana ta WhatsApp daga Damagaram magana ɗaya suke yi, rasuwar dattijon lauyan nan da ya yi aikin gwamnati shekara da shekaru kafin ya sa baƙar rigar lauyoyi, Metir kamar yadda ake kiran lauya a nan. Ba zan kama suna ba, iyalinsa sun roƙa a bar shi haka, kuma 'yan gari ai sun san wanda ake nufi. Allah ya jiƙan shi, ya sa ya huta, ya ba iyali haƙuri. Masu aiko da ta'aziyya zalla mun gani mun gode, amma filin namu na tambaya ne, don haka ga waɗanda na zaɓo.

Tambaya: Malam ina wuni. Ni tsohuwa ce a Garin Malam, jikana ke rubuto min wannan. Shari'ar gonarmu ta gado da ke hanyar Mirriya tana hannun marigayi Metir, mun ci a kotun farko sai abokan shari'a suka ɗaukaka ƙara, yanzu maganar tana kotun ɗaukaka ƙara, kuma duk takardunmu suna biron shi, wato ofishinsa, har da ta mai gari da ta Kofo, hukumar filaye, na ba shi jika hamsin kafin azumi ya ce sauran sai an gama. Yanzu an rufe biron da kwaɗo, ni kuma kunya nake ji in je gidan makoki in ce ina takarduna. Shin shari'ar ta mutu ke nan?

Amsa: Inna, sannu da haƙuri, shari'arki ba ta mutu ba. Shari'a ta mai ita ce, lauya wakili ne kawai, in wakili ya faɗi sai a nemi wani ya ɗora daga inda ya tsaya. Amma fa kar ki zauna jiran a gama makoki, don ita kotu ba ta zaman makoki, ranar da aka sa tana nan tana matsowa, su kuma abokan shari'arki ina tabbatar miki ba barci suke ba.

Gobe da safe ki kama jikan nan naki ku tafi kotun ɗaukaka ƙara, ku nemi ofishin girefiye, wato inda ake ajiye rajistar ƙararraki. Ki faɗi sunanki da sunan waɗanda kuke shari'a da su, ki ce lauyanki ya rasu, a duba miki ranar da aka sa ta gaba, jikan ya rubuta lambar dosiye, wato fayil ɗin shari'arki, da ranar a takarda, ba a ka ba. Ranar zaman ki je da ƙafarki ko da ba ki samu sabon lauya ba tukuna, ki miƙe ki gaya wa alƙali abin da ya faru, ki roƙi a ɗage. Abin da ke kashe mutane a irin wannan shi ne a kira suna a ji shiru, sau ɗaya, sau biyu, sai labari ya canza.

Maganar biro kuma, daidai ne da aka rufe shi, kuma ba aikin iyali ba ne su buɗe su shiga rabon takardu kamar rabon goro. Abin da ke cikin kowane dosiye sirri ne tsakanin lauya da mai shari'a, akwai maganar saki a ciki, akwai ta bashi, akwai ta abin kunyar gidan mutane, ko ɗan da marigayi ya haifa ba shi da hurumin karantawa. Lauyoyin Nijar duka ƙungiya ɗaya gare su, mazauninta Yamai, shugabanta shi ake ce wa batoniye, kuma idan lauya ya rasu shi ke naɗa wani lauya ya riƙe biron, ya ƙidaya dosiyoyi, ya tuntuɓi masu su. Saboda haka a rubuta mishi wasiƙa gajera, sunanki, lambar dosiye, kotun da maganar take, da lambar wayar da za a same ki. In marigayi yana da abokin aiki ko ƙaramin lauya mai koyon aiki a hannunsa, ko ma sakataren da ke buga mishi takardu, ki fara ta nan, sukan san wanda aka naɗa tun kafin labari ya fito gari. Kuma ba dole ba ne ki zauna da wanda aka naɗa ɗin, kina da 'yancin karɓar dosiyenki ki kai wa wanda ranki ya kwanta da shi.

Na sha shiga biron nan, duk wanda ya shiga ya san yadda yake ɗaure kowane dosiye da igiyar roba ta tsohon tayar mota, ya rubuta sunan ƙauyen mutum da jan alƙalami ɓaro-ɓaro a bangon dosiyen, Magarya daban, Matamaye daban, Tanut daban, don ya ce ɗan ƙauye kan manta lamba amma ba ya manta garinsu. To mutumin da ke aiki haka ba na jin takardarki ta Kofo za ta ɓata. Tun da na ambaci Kofo, ki sani hukumomin filaye da dokar karkara ta 1993 ta kafa suna ajiye rajista, ko da ace takarda ta salwanta ana iya komawa can a nemi kwafi.

Jika hamsin ɗinki kuwa ki nemo rasit in ya ba ki. In bai ba ki ba ki faɗa wa wanda aka naɗa gaskiya, a duba littafin marigayi, a auna aikin da ya riga ya yi da abin da ya rage. Ba rashin kunya ba ne, Inna. Sauke wa mamaci nauyi ne ma, don in akwai haƙƙinki a wuyansa gara a fidda shi tun kafin a raba gado. In kuma ba ki da ƙarfin ɗaukar sabon lauya, ki tambayi ofishin ANAJJ a babbar kotu, hukuma ce da aka kafa da dokar 2011 don taimakon marasa ƙarfi a shari'a, ki tafi da haƙurinki don layin ba gajere ba ne.

Tambaya: Baba barka da aiki. Ni ɗalibi ne a jami'a nan Damagaram. A rediyo na ji ana cewa marigayi ma'aikacin gwamnati ne kuma lauya ne, a fadarmu aka yi ta gardama wasu na cewa ba ya yiwuwa mutum ya haɗa biyun. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Ɗana, duk kuna da gaskiya, lokaci ne kuka haɗe. A tsarinmu lauya mai zaman kansa ne, ba ya cin albashin gwamnati yana kuma tsayawa gaban alƙali da baƙar riga, ƙa'idar 2014 ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma, da ta daidaita aikin lauya a ƙasashen ma haka ta tafi, in ka cire 'yan togaciya irin na wasu malaman shari'a na jami'a. Dalilin a fili yake, yau in gwamnati ce ta ƙwace filin talaka, wanda ke jiran albashi a ƙarshen wata yaya zai yi ya ja da ita? Shi ya sa za ka ga mutum ya yi alƙalanci ko aikin ma'aikata ya gama, ko ya ajiye, sannan ya nemi shiga ƙungiyar lauyoyi. Haka marigayi ya yi, ɗaya bayan ɗaya.

Kuma ka tuna su 'yan zamaninsu ba su tarar da abin a ƙofar gida ba irin ku. Jami'ar Yamai sai farkon shekarun 1970 ta tsaya da ƙafarta, waɗanda suka riga ta sai Dakar ko Abijan ko Faransa, su dawo a tura su duk inda aka ga dama, yau Gure gobe Bilma, ba mai tambayarka ko matarka na son wurin. Irin wannan yawon ne ke sa mutum ya san ƙasa, ya san yadda rigimar manomi da makiyayi ke tashi tun daga burtali, ba daga littafi ba. A ƙetaren iyaka ma akwai irin su, Mai shari'a Mamman Nasir ya yi ministan shari'a na Jihar Arewa zamanin Sardauna, ya shugabanci kotun ɗaukaka ƙara ta Najeriya daga 1978 zuwa 1992, ya ƙare yana Galadiman Katsina a Malumfashi har ya rasu a 2019. Ka gaya wa 'yan fadarku su rage shayi su ƙara karatu.

Tambaya: Salam. Ni ƙanwar uwargidan marigayi ce, ba na son a faɗi unguwa. Yayata tana takaba ba ta iya fita, 'yan uwan miji kuma sun fara maganar gidan da take ciki da motarsa tun ba a yi bakwai ba. Sannan fanshon da yake karɓa na aikin gwamnati an ce mana ya tsaya ke nan. Me ya kamata mu yi? Wallahi mutanen da suka zo suka yi ta jawabi ranar jana'iza ko ɗaya bai sake leƙowa ba.

Amsa: Hajiya, jimlarki ta ƙarshe ita ta fi yi min ciwo, don na san haka ake yi. Ranar jana'iza motoci har bakin titi, kowa na cewa ubana ne, shi ya sa ni a hanya, bayan sati biyu sai ka tarar da tabarmi a naɗe da mata su kaɗai. Amma bari mu yi maganar abin da zai amfane ku.

Fansho ba ya mutuwa gaba ɗaya da mutuwar mai shi. Ma'aikacin gwamnati a CARENI, asusun fansho na ƙasa, fanshonsa yake, kuma akwai kason da ke komawa ga matar da aka bari da marayun da ba su kai shekaru ba, sai dai ba ya zuwa da kansa, sai an haɗa takardu an kai. Abu na farko takardar mutuwa daga ofishin magajin gari, ku yi ta yanzu yanzu, don in wa'adi ya wuce sai an bi ta kotu kafin a samu, wahala biyu ke nan. Sai takardar aure, nan fa ake yawan yin tuntuɓe, an yi aure shekara talatin da shaidu da goro da komai amma ba a taɓa rubuta shi a hukuma ba, in haka ne ku nemo waliyyai ko shaidun da suka rage da rai a je a tabbatar gaban alƙali. Sai takardun haihuwar yara, da littafin fanshonsa, da takardar zaman iyali wadda ke nuna su wane ne magada da wanda aka wakilta. Duk takardar da za ku miƙa ku yi mata fotokofi biyu ku ajiye, kuma kar ku ba kowa ta asali ya ce zai bi muku a Yamai sai wanda kuka yarda da amanarsa, na ga gidajen da suka yi kuka a nan.

Takabarta wata huɗu da kwana goma ce, a ɗakinta za ta yi ta, ba mai ikon ce mata ta kwashe kaya. Ke ko babban ɗa kuna iya yin zirga-zirgar, in an kai inda dole sai ita da kanta, ku tambayi malaminku, malamai sun san hukuncin fita don lalura.

'Yan uwan miji kuma a gaya musu da ladabi su dakata. Ba a raba gado sai an biya bashi an zartar da wasiyya, haka ayoyin gado na Suratun Nisa'i suka maimaita, wasiyyar ma ba ta wuce sulusi. Kuma dukiyar lauya sai an yi hattara biyu, don ba duk abin da aka tarar a hannunsa ne nasa ba, akwai takardun filayen mutane, akwai ajiya, akwai kuɗin aikin da aka biya ba a gama ba, irin na Innar da ta yi tambayar farko. Sai wanda batoniye ya naɗa ya gama tantancewa sannan a san mene ne na magada. Mata na da tumuni in akwai 'ya'ya, in su biyu ne ko uku su raba tumunin nan tsakaninsu, kuma in marigayi ya bar ɗa namiji to 'yan uwansa ba su da komai a ciki, ko taya ɗaya ta motar. A kotunanmu maganar gado da al'adar mamaci ake yanke ta, alƙali na zama da mataimaka masana al'ada da addini, don haka in abin ya ƙi ci a gida ko gaban mai unguwa, ƙofa a buɗe take. Ni dai shawarata a fara kiran dattijo ɗaya da kowa ke jin nauyinsa a dangin, a zauna a rubuta komai, kowa ya sa hannu.

Tambaya: Malam mu matasan Zango ne, marigayi ya taɓa fidda abokanmu daga komisariya bai karɓi ko dala ba. Muna son a sa wa titin gidansa sunansa, kuma muna tara kuɗi mu yi babbar sadakar arba'in da rumfuna da lasifika. Wasu malamai sun ce bidi'a ce wasu sun ce ba komai. Ina mafita?

Amsa: Samari, Allah ya yi muku albarka da kuka san alheri. Maganar uku da bakwai da arba'in tsohuwar gardama ce a garin nan, ta girme ni ta girme ku, kowane ɓangare da malamansa, ba kuma a shafin mujalla za a kashe ta ba. Abin da ba wanda ya yi saɓani a kai shi ne addu'a na isa ga mamaci, sadaka ma haka, kuma hadisin da Muslim ya ruwaito ya ambaci abu uku da ba su yankewa, sadaka mai gudana, ilimi mai amfani, da ɗa nagari mai addu'a. Rumfa da lasifika ba su cikin ukun. Ni in kun bi tawa, kuɗin hayar kujerun nan ku je ku tambayi iyali a asirce ko akwai kuɗin makarantar marayu da ya tsaya, ko takardar kuɗin wuta ta NIGELEC da ta taru, ku biya ku yi shiru. Kuma kar ku ja wa gidan da ke takaba ɗawainiyar dafa wa mutum ɗari biyu abinci da sunan girmamawa.

Titi kuwa hukumar birni ke sa suna, ku rubuta takarda ku tara sa hannun mutanen unguwa da mai unguwa, in da hali ku bi ta fadar Sarkin Damagaram a sa muku baki. Sai dai ku shirya jira. Wani ana yi mishi da wuri, masanin kimiyya Abdou Moumouni ya rasu a 1991 aka sa wa jami'ar Yamai sunansa a 1992, ga jami'armu nan tana ɗauke da sunan André Salifou, ɗan garin nan da ya jagoranci taron ƙasa na 1991 ya rasu a 2022. Wani kuma sai jikoki, Djibo Bakary, ɗan gwagwarmayar 'yancin kai, ya rasu tun 1998 amma sai a 2024 aka cire sunan De Gaulle daga wani babban titin Yamai aka sa nasa. Sannan suna a allo ba shi ke nan ba, ku tsaya ƙofar lise, wato makarantar sakandare, mai sunan Sarki Amadu Kuran Daga ku tambayi yara goma wane ne shi, me ya haɗa shi da Faransawa har suka kashe shi a 1899, ku ji amsar da za ku samu.

Ga aikin da na fi so ku yi, kuma ba ya cin kuɗi. Kowannenku na da waya. Ku bi tsofaffin da suka yi aiki da shi, tsohon direbansa, tsohon girefiye, matan da ya karɓo wa gadonsu, ku ɗauki muryarsu suna ba da labari tun suna nan. Akwai mai zuwa mishi da zabi biyu a ƙafa ɗaure a matsayin kuɗin aiki ya karɓa ya yi godiya kamar an ba shi miliyan, irin wannan labarin ba ya cikin jawabin kowa ranar jana'iza. Littattafansa na shari'a kuma, ba dosiyoyin mutane ba fa, ku roƙi iyali in sun yarda a kai ɗakin karatu na jami'a kafin gara da ruwan damina su gama da su a sito.

Tambaya: Ni gaskiya yabon nan ya ishe ni. Mutumin nan shi ya tsaya wa wanda ya cinye min kuɗin kasuwanci a kasuwar Dole, ya juya magana har na faɗi shari'a. Yanzu kowa na cewa mutumin kirki. Ni ban yafe ba. Ko laifi ne in faɗi haka?

Amsa: Alhaji, na ji zafinka, kuma ba zan ce maka ka yi ƙarya ka ce ka ji daɗi ba. Amma mu raba abu biyu. In abin da ya yi shi ne ya tsaya wa abokin shari'arka ya kare shi iya ƙarfinsa, to aikinsa ya yi, kowa na da haƙƙin a kare shi har wanda aka kama da wuƙa a hannu, kuma ba lauya ke yanke hukunci ba, alƙali ne. Da kai ka riga zuwa biron da kai zai tsaya wa haka. Sau da yawa irin shari'arku ta kasuwa ba wayon lauya ke kayar da mutum ba, rashin takarda ne, an ba da kuɗi a rumfa da amana, ba shaida ba rubutu, ranar shari'a sai rantsuwa.

In kuwa kana da hujjar cewa ya sayi shaidun ƙarya ko ya ɓoye takarda, wannan zalunci ne, mutuwa ba ta wanke shi, kuma yabon jama'a ba ya cinye haƙƙinka. Yafiya taka ce, ba mai tilasta maka. Abin da aka hana shi ne zagi, Buhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa kar a zagi matattu don sun riga sun isa ga abin da suka gabatar, kuma zagin ba shi zai ji ba, 'ya'yansa za su ji. Sannan ka lura da wani abu, kuɗinka ba a kabarin Metir suke ba, suna wurin wanda ya ci, shi kuma yana nan da ransa yana buɗe rumfa kullum. Ka kai kwafin hukuncin wa wani lauya ya duba ko akwai sauran hanyar ɗaukaka ƙara ko wa'adi ya wuce, in ya wuce ka nemi shugabannin 'yan kasuwa su zaunar da ku, sau tari abin da kotu ta kasa karɓowa kunyar idon abokan sana'a na karɓo rabinsa.

Mai tambaya daga Karkada da ke son sanin ko ɗan marigayi zai iya gadon biron, a'a, sai in shi ma ya yi karatun shari'a ya ci jarrabawar lauyoyi ya yi rantsuwa. Teburi da kujeru da ginin dai gado ne. Sauran tambayoyin, har da ta bambancin noter, wato mai tabbatar da takardu a hukumance, da lauya da mutum uku suka aiko, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.